Ƙullin Badaru

Duk wanda ya shiga karar shanu ta Dei-Dei ta ƙofar da manyan motoci ke juyawa, zai ga wani dattijo siriri a ƙarƙashin rumfar kwano yana tufka igiya da hannun hagu. Yayana ne, Badaruddeen, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahauta na ce masa Baba Mai Igiya, su karɓi igiyarsu su wuce, ko fuskarsa ba sa kallo. Abin yana ƙona mini rai. Shekara goma sha bakwai, shanun da muka shigo da su garin nan a bayan ƙafarsa suka shigo. Kuma ba tsufa ne ya zaunar da shi a rumfar ba, ni ne, Manniru, da gaggawata.

Daga Ƙafur muka zo. Babanmu korar shanu yake yi, mu ma ita muka tashi muka tarar. A nan Abuja muka kama aiki da Alhaji Sale, dillali mutumin Zariya, wanda ke sayen shanu a rugagen da ke bayan Yangoji, mu kuma mu koro su a ƙasa har Dei-Dei, tafiyar kwana huɗu. Alhaji ba ya son mota. Ya ce mota tana girgiza saniya har ta zubar da rabin ƙibarta a hanya.

Da farar hula suka dawo mulki sai garin ya buɗe baki. Otal nan, biki can, taro kullum, kowa nama yake nema. Amma garin da ke neman naman shi ne yake cinye hanyar da naman zai bi. Inda muka yada zango watan jiya, yau katanga ce. Inda shanu suka sha ruwa bara, bana tifa ce ke ɗibar yashi. Burtalin da muka sani tun zuwanmu ya zama guntu-guntu, kuma duk inda ya yanke, sai dai ka raɓa gonar mutane. Wanda ya taɓa ganin fuskar manomi a kan dawarsa da aka tattake ya san abin da nake nufi.

To, aikin Yaya Badaru shi ne ya riga mu. Yana gaba da mu tafiyar rabin yini, yana duba inda ruwa yake, inda aka toshe, inda aka girbe, da ƙauyen da ransa yake a ɓace. Ba ya riƙe sanda. Kafin ya tashi sai ya yi wanka da sabulu sau biyu don warin shanu ya fita, ya sauya takalmi, ya ɗora tiren koli a ka: allura, zare, madubi, ɗan kunne, man shafawa. Duk ƙauyukan da ke tsakanin Kwali da Zuba ɗan koli suka san shi. Ga shi da sanyin murya da saurin yin ragi, mata na son cinikinsa. Ni ina tsokanarsa ina cewa da kolin ya riƙe da gaske da tuni ya talauce, don bai taɓa iya hana mace allura ba.

Ba ya tambaya, wannan ce dabararsa. Zai zauna a inuwa ya baza kaya, ya bar ido da kunne su yi aiki. In ya ga kashin shanu ɗanye kusa da gona, ya san wani garke ya riga mu ɓata wa mutane rai. In karnuka na ɗaure da rana, akwai dalili. In mata sun dawo daga rafi ba sa hira, ya san an yi wata magana a gida.

Yadda yake isar mana da saƙo kuwa, da ciyawa ne. A duk mararraba zai kama gamba a tsaye ya ƙulla. Ƙulli ɗaya, ku biyo nan. Ƙulli biyu, ku tsaya ku jira har wanda ya ƙulla ya zo da kansa. In ba ƙulli, bai gama dubawa ba, kada a motsa. Da yake bahago ne, ƙullinsa hagu yake juyawa, bakin ciyawar kuma yana nuna hanyar da za a bi. Ya sha gaya mini, “Manniru, ba ƙulli za ka duba ba, hannun da ya yi shi za ka duba.” Ni kuma in ce to, kamar yadda ƙane ke ce wa wa to.

Akwai wani ƙauyen manoma a bakin wani kwari, tsakanin Kwali da Gwagwalada, ba zan faɗi sunansa ba. A can akwai wata mata, Alice, matar wani manomi Thaddeus. Shekara tara Yaya yana sauka a gindin mangwaron ƙofar gidanta. Ɗan'uwa take ce masa. Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi a wurin, ita ta yi jinyarsa kwana uku, tana dama masa kunu, mijinta ya ba shi tabarmarsa. Duk da haka ba su san ko saniya ɗaya ya taɓa kora ba. Na taɓa ce masa, “Yaya, mutanen nan sun zama naka, ka gaya musu gaskiya mana.” Ya ce, “Ranar da suka sani, ranar na makance. Wa zai ƙara yin hira a gabana?” Na lura maganar ta dame shi, ban sake tayar da ita ba.

Abin ya faru ne da kaka, a shekarun da wayar salula ta cika gari amma ba ta kai daji ba. Dawa ta yi kai, ba a yanke ba. Muka taso daga Yangoji da shanu tamanin da shida, ni da abokin aikina Aminullahi. A rana ta biyu muka tarar wani babban mutum ya zagaye burtalin da waya mai ƙaya, har da rafin da muke shayarwa a ciki. Shanu suka kwana ba su sha ba. Hanya ɗaya ta rage, ta cikin kwarin nan, ta gefen gonakin su Alice, inda ba mu taɓa bi da garke ba.

Da muka idar da sallar asuba Yaya ya ɗauki tirensa. Ya ce, “Akwai mararraba a gindin wata ɗorawa kafin a gangara kwarin. Ka kai su nan ka tsaya. Kada ka gangara sai ka ga hannuna.”

Abin da ya faru a ƙauyen, daga bakinsa na ji daga baya. Ya wuce ɗorawar bai ƙulla komai ba, don yana son ya fara ganin mutane. Tun daga bakin gari jikinsa ya ba shi. Hantsi ya yi, amma babu namiji ko ɗaya a gona, babu kuma a inuwa. Dutsen washin da ke bakin rijiya a jiƙe yake, ruwan da ke kansa ya yi baƙi, alamar ba adda ɗaya aka wasa ba. A bayan coci ya ga wata gonar doya an tattake kunyoyinta, sawun kofato ko'ina. Ya baza kayansa a gindin mangwaro, yana ta lissafin yadda zai koma ɗorawar ya yi ƙulli biyu kafin mu iso.

Sai ga Alice ta dawo daga daji, lauje a hannu.

“Ɗan'uwa, ka zo a mugun rana fa,” in ji ta. “Ba kwastoma yau. Ka ga gona na? Shekaranjiya wasu ya shigo da shanu, doya duka ya tafi. Oga na ya ce ya isa. An ce wani garke yana zuwa, maza duk suna cikin dawa a bakin kwari, suna jira.”

Yaya ya ce, “Subhanallahi. Sannu, 'yar'uwa.” Ya fara tattara kaya, ya ce zai dawo wata rana.

“Zauna ka sha ruwa mana. Ni ma yanzu na dawo, na je na ƙulla ciyawa na. Ɗakin nan yana yoyo, kuma in ban yi sauri ba Helen maƙwabciya na zai riga ni yanka.”

A ƙauyukan nan haka mata ke yi da kaka. In mace ta ga gamba mai kyau da take so ta yanka don jinka, sai ta ƙulla kanta, kowa ya gani ya san tana da mai ita. Yaya ya san al'adar sarai. Ni ne ban sani ba, don tsohon burtalinmu bai taɓa kusantar inda mata ke yankan ciyawa ba.

Ya ce, “A ina kika ƙulla?”

“Gindin ɗorawa, wajen mararraba.”

“Ƙulli nawa?”

Ta yi dariya. “Wane irin tambaya ne wannan? Ɗaya mana.”

Ya dubi rana, ya san mun kai ɗorawar ko muna gab da kaiwa. Tsakaninsa da mu akwai mazan gari a kwance cikin dawa. In ya zagaya ta kan tudu, awa biyu ce. In ya ratsa su da gudu, ɗan koli ba shi da dalilin gudu zuwa wajen shanu, kuma mai bindigar adaka a hannu ba ya tsayawa tambaya. Ya ajiye tiren a ƙasa.

“Alice,” ya ce, karo na farko da ya kira sunanta kai tsaye, “garken da ke zuwa namu ne. Ƙanena ne ke korarsa. Ni ke duba musu hanya, shekara tara ke nan da nake zama a nan ina dubawa. Ba mu muka ci doyarki ba, na rantse da Allah. Amma ƙulli ɗaya a wurinmu yana nufin a taho, biyu a tsaya a jira. Ƙanena zai ga naki ya taho.”

Ya ce ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Kallonsa kawai ta yi, daga hula har takalmi, kamar mai duba kayan da aka sayar mata na jabu. Sannan ta ce, “Tashi. Ka bi baya na. Kada ka wuce gaba na ko taku ɗaya.”

Ni kuwa a lokacin ina gindin ɗorawa. Shanu sun ji ƙanshin ruwa daga kwari, suna ta kuka suna turereniya, ni da Aminullahi muna ta fama. Rana ta fara zafi. Alhaji ya ja mini kunne kada mu rasa ranar kasuwa. Sai na hango ƙulli a kan gamba, guda ɗaya, sabo, ganyen ko yaushi bai yi ba. Aminullahi ya ce, “Ka matsa ka duba da kyau.” Na ce, “Me zan duba? Wa ke ƙulla ciyawa a dajin nan in ba Yaya ba?” Taku goma ne tsakanina da ƙullin nan. Taku goma! Da na yi su da na ga dama ya juya, kuma bakinsa sama yake kallo, ba ya nuna kowace hanya. Ban yi ba. Na ɗaga sanda, muka gangara.

Hanyar ƙunci gare ta, dawa dama, dawa hagu, ta fi tsayin mutum. Muna tsakiya na ji shirun ya yi yawa. Ko tsuntsu babu a kan dawar da ta nuna haka. Sai na ga wani kan dawa ya motsa, alhali ba iska. Juyawa ba ta yiwuwa cikin sauƙi, shanu tamanin da shida masu ƙishirwa sun sa kai, farin bijimin da ke ja musu gaba har ya fara sassarfa.

Can gaba sai ga mace ta ɓullo a tsakiyar hanya, lauje a hannu, tana tafiya ba sauri ba nawa. A bayanta Yaya ne, ba tire, ba hula. Tana magana da ƙarfi da yarensu, tana juyawa dama da hagu. Sai dawa ta fara haihuwar mutane. Na ƙirga har goma sha biyar na daina. Adduna, kwari da baka, adaka biyu. Mafi kusa da ni, da ya miƙa hannu zai taɓa rigata.

“Manniru!” Yaya ya kira. “Yar da sandar!”

Mai kora ba ya yar da sanda a gaban garke, balle a gaban adda. Hannuna ya ƙi buɗewa.

“Na ce ka yar!”

Na sake ta ta faɗi. Aminullahi ma ya yar da tasa.

Amma shanu ba ruwansu da wannan. Bijimin ya nufi Alice kai tsaye, don ruwa na bayanta, ita kuma ta ƙi kaucewa. Wata karsana ta karkata ta kai baki kan dawa. Na ji ƙarar ɗana kunamar adaka. Wani dogon mutum mai furfura a gemu, wanda daga baya na san shi ne Thaddeus, ya ɗaga hannu yana tsayar da mai bindigar, amma idonsa na kan karsanar, kuma na san hannun nan ba zai daɗe a sama ba.

Sai Yaya ya wuce gaban Alice. Ya tuɓe rigarsa, ya yafa wa bijimin a fuska, ya kama ƙahonsa da hagu ya murɗa. Sannan ya buɗe baki ya yi kiran da babanmu ya koya mana, kiran da ake juya garke da shi, mai fitowa daga ƙirji ya ƙare da fito. Na shekara ban ji shi daga bakinsa ba. Kwarin ya amsa. Shanu suka tsaya cak, karsanar ta ɗago kai.

Ba zan manta fuskokin mutanen nan ba. Mai sayar wa matansu allura, mai sanyin murya, wanda suka sha yi wa dariya don yana tsoron karnuka, ga shi riƙe da ƙahon bijimi yana magana da shanu suna ji. Wani ya ce, “Kai! Ashe ɗan leƙen asiri ne.”

Da ƙyar muka juya su, ɗaya bayan ɗaya, a hanyar da ba ta fi faɗin mota ba. Gumi har cikin idona. Duk saniyar da ta goga dawa sai in ji kamar a jikina adda za ta sauka. Ba wanda ya taya mu, ba wanda ya taɓa mu. Da na ƙarshe ta juya, Thaddeus ya zo ya tsaya a gaban Yaya.

“Malam, tabarma na ka kwana a kai,” ya ce.

“Haka ne.”

“Kai za ka zauna a nan. Su tafi ta tudu. In saniya ɗaya ya dawo kwarin nan, kai ne za ka amsa.”

Na buɗe baki zan yi gardama, Yaya ya harare ni. “Wuce,” ya ce. “Yau dai ka ji magana.”

Muka hau tudu, muka zagaya, sai bayan la'asar shanu suka sami ruwa a wani kududdufi kusa da kwalta. Biyu sun faɗi a hanya, muka yanka. Ban damu da su ba. Ina zaune a bakin kwalta ina kallon hanyar tudu, ina ta faɗa wa Allah abin da zan daina in ya dawo mini da ɗan'uwana. Rana na gab da faɗuwa ya ɓullo, ba riga, ba tire. Ba su doke shi ba. Ya ce a gindin mangwaron suka zaunar da shi, mata suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ajiye masa abin da suka taɓa saya a wurinsa, madubi, ɗan kunne, har allurar da ta yi tsatsa. Alice ta kawo masa ruwa a kwanon da ta saba ba shi, ta ajiye, ta koma ciki.

Na durƙusa na ce, “Yaya, ka yafe mini.” Ya ce, “Tashi, shanu na watsewa.” Har yau bai ƙara mini ko kalma ɗaya a kan maganar ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai kowane ƙauye daga Kwali har Zuba. Ya gwada fita sau biyu. Duk inda ya baza kaya sai hira ta mutu, mata su janye 'ya'yansu. Ya makance, kamar yadda ya faɗa. Alhaji Sale ya koma ɗaukar shanu a mota, ni na zama mai lodi, Yaya ya sami rumfa ya kama tufka.

Da kaka ta zagayo ya ce in raka shi. Ya sayi bandir ɗin kwanon rufi a nan Dei-Dei, ya ce ɗakin Alice na yoyo. Mota ta sauke mu a kwalta, muka ɗauka a ka har gindin ɗorawa. Gamba ta yi tsayi kamar bara. A daidai inda na ƙi yin taku goma, akwai ƙulli. Wannan karon na matsa na duba da kyau. Hannun dama ne, bakinsa na kallon sama. Guda biyu ne, ɗaya a kan ɗaya.

Yaya ya sauke kwanon ya zauna.

Na ce, “Yaya, wata ce kawai ta kama ciyawarta. Mu ƙarasa mana, ga rufin garin can ana gani.”

Ya ce, “Matan garin nan ɗaya suke ƙullawa. A garin nan mutum ɗaya kawai na gaya wa ma'anar ƙulli biyu.”

Muka zauna har inuwar ɗorawa ta koma gabas. Ba wanda ya zo. Muka bar kwanon a jingine da bishiyar muka dawo.

Tun daga nan duk kaka sai ya rufe rumfa kwana ɗaya ya tafi. Kwanon dai bai ƙara ganinsa ba, bai kuma san wanda ya ɗauka ba. Ƙulli biyun kuwa kowace shekara yana tarar da su, sababbi. Bara na kasa haƙuri, na ce masa, “Kai da girmanka! Matar nan ta nuna maka ba ta son ganinka, me kake zuwa nema?”

Bai ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba. Ya ce, “Da ba ta son in zo, da ba ta ƙulla komai ba. Biyu ta yi, Manniru. Cewa ta yi in jira.”